Abin Da Ɗigon Jini Ke Faɗa Wa Likita

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san idan kiyashi suka taru inda mutum ya yi fitsari, manya sukan ce a kai shi asibiti, wataƙila ciwon sukari ne. Watau an gane cuta daga abin da jiki ya fitar. Wannan dabara ce masana suka faɗaɗa, suka koma kan jini, har ta zama fannin da ake kira metabolomiks.

Ga yadda abin yake. Duk abincin da muka ci, jiki yakan sarrafa shi, ya ɗauki na ɗauka, ya bar saura. A cikin wannan aiki ake samun ƙananan sinadarai dubbai masu yawo a jini, irin su sukari da kitse da gutsattsarin furotin. Wanda ya shiga madafa ya dubi ƙanzon tukunya zai san abin da aka dafa. Haka ma likita, idan ya ga wani sinadari ya yi yawa ko ya yi ƙaranci, ya san akwai inda aikin jiki ya tsaya.

Bari in kawo misali. A shekarar 1934, a ƙasar Norwe, wata uwa ta kai wa Likita Asbjorn Folling 'ya'yanta biyu waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami naƙasa. Ta ce tana jin wani irin wari a jikinsu. Da ya binciki fitsarinsu sai ya gano cutar da yanzu ake kira PKU. Cuta ce ta gado. Jikin yaron ba ya iya narkar da wani sinadari mai suna fenilalanin, wanda ke cikin nama da madara da ƙwai da wake. Sai ya taru a jini, ya lalata ƙwaƙwalwa a hankali.

A shekarar 1953, likitoci a Birmingham ta ƙasar Ingila suka nuna cewa abinci na musamman yana taimakon irin waɗannan yara. Amma fa abin da ya riga ya lalace ba ya komawa daidai, ga shi kuma jaririn yakan zo duniya lafiya lau a ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a farkon shekarun 1960 Likita Robert Guthrie na Amurka ya fito da hanya mai sauƙi. A soki diddigen jariri, a ɗiga jinin a kan wata takarda, a busar, a aika ɗakin bincike. Yaron da aka gano da wuri, aka tsare masa abinci, zai girma ya yi karatu kamar ni da kai.

Daga shekarun 1990 aka fara amfani da wata na'ura mai tantance sinadarai ta hanyar auna nauyin ƙwayoyinsu. Da ita ana iya neman cututtuka fiye da 20 daga ɗigon jini guda cikin 'yan mintoci. Yanzu masana na neman irin waɗannan alamu don gane ciwon daji da ciwon zuciya da wuri, ko da yake galibin wannan aiki bincike ne tukuna.

Sai dai akwai cikas. Na'urar tana da tsada, tana son wutar lantarki da ba ta yankewa da ƙwararrun ma'aikata. Haka kuma abinci da magani sukan canza sakamako. Shi ya sa idan likita ya ce a zo awon jini ba a karya kumallo ba, ya kamata iyaye su kiyaye.

Mu kuwa ɗalibai, mu daina gudun darasin kimiyya, domin daga cikinmu ne za a sami masu karanta wannan labari na jini. Allah ya ba mu lafiya, amin.