Al-Magili a kan ma'auni: malamin da ya hana tauye mudu, ya kuma sa aka kama fatake

Duk wanda ke wuni a kasuwa ya san cewa bayan azahar, idan ciniki ya ja baya, hira ce ke cika rumfa. A da rediyo da kaset ke kawo abin gardama, yanzu kuwa salula ce. Wani ya kunna wa'azi, mai wa'azin ya kama sunan wani malami da ya shekara 500 a kabari ya ce ɓatacce ne. Na kusa da shi ya kunna nasa, a ce wannan malamin dai waliyyi ne da bai taɓa kuskure ba. Kafin la'asar, maƙwabta biyu da ke ba juna canji, suna tsare wa juna kaya lokacin salla, sun daina gaisawa. In kuwa ka tambaye su sunan littafi ɗaya da malamin ya rubuta, ko garin da aka haife shi, sai a yi tsit.

Shi ya sa yau muka ɗauko malami guda, wanda ya taka ƙasarmu da ƙafarsa, don mu auna shi yadda ake auna hatsi tsakani da Allah: a cika tiya, kada a danna hannu a ciki, kada kuma a ɓoye tsakuwar da ke ƙasa. Malamin shi ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu al-Magili.

An haife shi a Tilimsan, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, a ƙarni na 15. Ya yi karatu wurin manyan malaman Magrib, cikinsu har da Abdurrahman as-Sa'alibi. Daga nan ya gangaro kudu zuwa Tuwat, wani jerin garuruwan dabino a tsakiyar Sahara inda ayarin raƙuma ke yada zango tsakanin arewa da ƙasashen baƙar fata. Bayan Tuwat ya shigo Abzin, ya zauna Tagidda yana karantarwa. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu wurinsa akwai al-Aƙibu na Anu Samman, da kuma Aida Ahmad wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina. Ya je Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sarkin nan da tarihin Kano ya ce shi ya kafa kasuwar Kurmi. Ya je Katsina. Sannan ya nufi Gawo, wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493.

Mu fara da abin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya gode masa a kai.

Askiya ya gabatar masa da tambayoyi guda 7, shi kuma ya amsa a rubuce. Tambayar ƙarshe, in kun ji ta, kamar jiya aka rubuta ta a Babbar Kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. Sarki yana kuka da mutanen da ke da mudu biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa. Yana kuka da masu garwaya zinariya da azurfa da tagulla, da mahauta masu hura nama ya kumbura, da masu tsarma nono da ruwa. Al-Magili bai yi wa maganar kwana-kwana ba. Ya ce tauye awo haramun ne, kuma wajibi ne a kan sarki ya naɗa amintaccen mutum da zai kula da kasuwa, ya daidaita ma'aunan gari su zama iri ɗaya, a hukunta mai algus. Iyayenmu mata masu sayen gero tiya-tiya don su yi fura su sayar, ku kun fi kowa sanin abin da ɗan yatsa ɗaya a cikin kwano ke cinyewa daga riba a ƙarshen wata. To, wannan malami ya tsaya muku tun kafin a haifi kakannin kakanninku.

Ga Sarki Rumfa kuma ya rubuta ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini. A ciki ya yi ta nanata cewa babu masifar da ta kai sarki ya shige gida ya rufe ƙofa talakawa su kasa ganinsa. Ya nemi sarki ya riƙa zama inda mai rauni zai iya kai kukansa da kansa, har mata da yara. Ya nemi a sa ido a kan dukiyar ma'aikatan sarki, a san abin da mutum ya mallaka kafin a ba shi muƙami. Ya hana cin hanci, ya hana sayar da sarauta, ya hana kuɗin da ake tatsa daga mutane ba bisa shari'a ba. Wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kwanni zuwa Agadas, ya ƙirga sau nawa aka tsayar da mota, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan babi.

Da a nan labarin ya tsaya, da mun shafa fatiha mun tashi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mu koma Tuwat, inda ya zauna kafin ya zo mana. A garin Tamantit akwai Yahudawa da suka daɗe suna zaune tare da Musulmi, ƴan kasuwa ne da maƙeran zinariya. Wani falke Bature daga Italiya, Antoniyo Malfante, ya sauka Tuwat a 1447, ya rubuta wa mutanensa wasiƙa yana cewa Yahudawan wurin na zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi. Al-Magili ya ga wannan zama bai yi masa ba. A ganinsa sun karya sharuɗɗan amanar da shari'a ta ba su, tunda sun shige jikin masu mulki, don haka ya ce a rushe wurin ibadarsu.

Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a. Shi ma malamin Malikiyya ne, littattafan da al-Magili ya karanta su ya karanta. Ya ce mutanen nan suna cikin amana, kuma an tarar da wurin ibadarsu a nan tun zamanin magabata, malaman da suka wuce ba su taɓa shi ba. Aka aika wasiƙu zuwa Fas da Tilimsan da Tunis. Malamai suka rabu biyu. At-Tanasi ya goyi bayan al-Magili, as-Sanusi mai littattafan tauhidin da almajiranmu ke karantawa har yau ya yaba wa amsar at-Tanasi. Ibnu Zakari, muftin Tilimsan, yana cikin waɗanda ba su yarda a rushe ba. Duk waɗannan fatawoyi al-Wansharisi ya tara su cikin babban littafinsa al-Mi'iyar, suna nan ana karantawa.

Da amsar da ta yi masa daɗi ta iso, wajen 1490, al-Magili ya tara jama'arsa suka rushe wurin ibadar. Bai tsaya nan ba. Ya yi shelar cewa duk wanda ya kashe Bayahude zai ba shi miskali 7 na zinariya, kuma miskali ɗaya ya ɗan haura giram 4. An zubar da jini, waɗanda suka tsira suka watse, al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin ta ƙare. Masu son kare shi sukan ce a duba zamanin: lokacin ne Kiristoci ke ƙarasa ƙwace Andalus, birnin Garnaɗa ya faɗi a 1492, zukatan Musulmin Magrib na tafasa. Gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai al-Asnuni da Ibnu Zakari ma a wannan zamanin suka rayu, zafin da ya ji su ma sun ji, amma ba su yarda a taɓa mutanen da ke cikin amana ba. A nan ni dai ina ganin zamani ba ya wanke shi. Malaman zamaninsa ne suka fara ce masa ya yi kuskure, ba mu ba.

Abu na biyu ya fi kusa da ku, ƴan uwa fatake. Yana Gawo wurin Askiya sai labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Uba ne, zafin rashin ɗa kowa ya san shi. Amma abin da ya nema shi ne Askiya ya kama duk mutanen Tuwat da ke Gawo, kuma aka kama su. Ku auna wannan a kanku. Kana Kano ko Kwatano da kayanka, wani ɗan garinku da ba ka ko san shi ba ya yi laifi a gida, sai a zo a rufe maka shago a tafi da kai. Wanda ya tsaya wa fataken nan shi ne Mahmudu ɗan Umaru, alƙalin Tumbutu. Ya nuna cewa waɗannan mutane ba su da hannu cikin kisan, laifin wani ba ya hawa kan wani. Aka janye umarnin, aka sake su.

Daga ina muka san wannan duka? Ba maƙiyan al-Magili suka rubuta ba. Ahmad Baba na Tumbutu ne, wanda ya rayu daga 1556 zuwa 1627, ya kawo shi cikin littafinsa na tarihin malaman Malikiyya, Nailul Ibtihaj, da ya kammala a Marrakish a 1596. Ahmad Baba yana ganin girman al-Magili ƙwarai, ya yabe shi da ilimi da rashin tsoro, kuma abin da ya faru a Tuwat bai ƙirga shi cikin aibi ba. Duk da haka bai share sunan alƙalin da ya saɓa masa ba, bai ɓoye maganar zinariya ba, bai ɓoye kamun fatake ba. Ya zuba komai a faifai, shi ya sa mu da muka zo daga baya muke iya tsincewa da kanmu. A wurin ne ma ya ba da labarin gardamar al-Magili da Imamu Suyuɗi na Masar a kan ilimin manɗiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja. Suyuɗi ya ce haramun ne, al-Magili ya ce halal ne, suka yi ta mai da wa juna amsa da baitoci. Kun ga a wannan karon wanda ake kira mai tsanani shi ne mai sassauci.

Akwai wani gado nasa da ya zo har ƙofar gidanmu. Cikin amsoshinsa ga Askiya ya yanke hukuncin kafirci a kan Sonni Ali, sarkin Songai da ya gabata, ya kuma halatta yaƙar masu garwaya Musulunci da al'adun tsafi. Bayan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya ɗauki waɗannan amsoshi ya kafa hujja da su a kan sarakunan Hausa. Jihadin da ya fara a 1804 ya kawo karatu da rubuce-rubuce masu yawa, har mata irin su Nana Asma'u suka zama malamai. Shi ne kuma ya fitar da gidan sarautar Katsina daga birninsu har suka zo suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri a 1836. Don haka ba abin mamaki ba ne idan tsohon Maraɗi da tsohon Sakkwato suka ba da labari ɗaya da murya biyu. Ko a lokacin, Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana tambaya, shin saɓo yana mai da Musulmi kafiri? Muhammadu Bello ya amsa masa da zafi, amma ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa ya sa cikin littafinsa Infaƙul Maisur, kowa ya karanta ya gani.

Shi kansa Shehu Usmanu ya nuna yadda ake yi da malamin da ake ƙauna idan ya zarce. Malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, mutumin Agadas, ya tafi a kan cewa masu aikata wasu manyan zunubai, irin su auren mata fiye da 4, sun fita daga Musulunci. Shehu ya rubuta a fili cewa wannan ba ita ce hanyar Ahlus Sunna ba, mai saɓo mai saɓo ne, ba kafiri ba. Amma bai daina kiransa shehinsa ba, bai daina faɗin cewa ta hannunsa ya sami alheri mai yawa ba, ya kuma nema masa uzuri da cewa kishin addini ne ya kai shi. Almajiri ya gyara wa malaminsa, kuma ba a ji ya zage shi ko sau ɗaya ba. Masu kunna mana wa'azi a rumfa, da masu yin wa'azin, da wuya ka ji sun kawo wannan misali, alhali bai yi nisa da mu ba.

Al-Magili ya bar Gawo ya koma Tuwat, ya rasu can a shekara ta 909 bayan hijira, wato wajen 1504. Kabarinsa na nan a jihar Adrar ta Aljeriya, ana kai masa ziyara. A Kano akwai unguwar Sharifai, inda zuriyar Sidi Fari ke danganta kansu da shi. Ana buga Tajuddini, ana fassara shi, ana karantar da shi a jami'o'i. Abdullahi al-Asnuni kuwa, wanda ya ce kada a taɓa masu amana, da Alƙali Mahmudu wanda ya fitar da fatake daga hannun dogarai, ban taɓa jin an ambaci sunan ɗayansu a rumfar kasuwa ba.