Daga Bakin Garwashi zuwa Sana'iyya: Koyon Sana'a a Wurin Hausawan Jidda

Da an idar da sallar isha'i a kudancin Jidda, ƙamshin da ke tashi a wasu lunguna ba baƙo ba ne ga hancin Bakano. Nama ne aka yanka falle-falle, aka tumurmushe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka shimfiɗa bisa garwashi. Mutanen Hijaz na kiransa siriye. Tsire ne ya haye Bahar Maliya, harshen Larabawa ya ɗan lanƙwasa masa suna.

Waɗanda suka kai shi su ne kakannin mutanen da ake kira 'yan Takari. Mahajjacin da ya bi hanyar ƙasa a da, sana'arsa ce guzurinsa: ya yi noma a nan, ya yi ɗinki ko fawa a can, har ya isa Sawakin a gaɓar Sudan ya shiga jirgin ruwa. Tafiyar kan ci shekaru. Ayarin ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, mabiyansa da dama suka ci gaba da nausawa gabas. Jikokin waɗanda suka zauna a Hijaz su ne yau ke amsa sunayen Hausawi, Fallata da Barnawi.

Tsarin da suka tarar bai yi nisa da na gida ba. Yadda mahauta ke da Sarkin Fawa, maƙera ke da Sarkin Maƙera, haka kowace sana'a a tsohuwar Jidda take da shehinta, a ƙarƙashinsa akwai mu'allimai, a ƙarƙashinsu yara masu koyo. Ta wannan hanya magina suka gaji sassaƙa dutsen murjani, kafintoci suka gaji tagogin katako na roshan da ke ƙawata unguwar Balad, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Baƙo dai ta ƙaramar ƙofa yakan shiga: dako a tashar jiragen ruwa, ko ga-ruwa da garwa biyu rataye a sanda, aikin da kafaɗa ce ke koyonsa. Ga-ruwan ma ya fara ja baya bayan da aka jawo wa birnin ruwa daga Wadi Fatima a 1947.

Siriye kuwa ya zauna daram, kuma a nan ake ganin tsohuwar hanyar koyo da ranta. Yaron da aka kai wa mai nama, yawanci kawu ne ko maƙwabci, ba ya taɓa wuƙa da wuri. Ya share wuri, ya hura wuta, ya yayyanka albasa da tumatir, ya naɗe wa mai saye a takarda. Babu mai zaunar da shi ya yi masa bayani; ido ne ke karatu, kuskure kuma tsawa ce ladansa. Sai hannunsa ya faɗa ake barinsa ya shafa mai ya juya nama, daga baya ya koyi fere shi siriri ba tare da ya yage ba. Haɗin yaji shi ne na ƙarshe, don yawan citta, masoro da barkono a cikin garin gyaɗa sirrin gida ne, kuma sau da yawa ba a rumfa ake daka shi ba, a turmin uwar gida ne. Ranar da aka nuna wa yaro wannan ma'auni, ya san an kusa yaye shi.

Mata na da tasu makarantar. Yarinya na zaune gefen uwarta ko kakarta, wadda masu saye ke kira Hajja, tana ƙulla gyaɗa a leda, tana koyon yayyafa wa goro ruwa kada zafin Jidda ya busar da shi, tana lissafin canjin riyal da ka. Lalle da kitso ma haka suke bi daga hannu zuwa hannu.

Akwai kuma jarin da ba a sayo shi ba: harshe biyu. Yaron da ke Larabcin Hijaz a titi, Hausa a tsakar gida, shi masu shaguna a Bab Makka da Balad ke so idan alhazan Najeriya da Nijar sun sauka. Ya fara da tafinta da kiran "Alhaji, shigo ka gani", ya san farashin darduma da jallabiya, wata rana sai ga shi dillali ko mai haɗa kayan kargo zuwa Kano.

Abin da ke raba hanya shi ne takarda. Wanda iyayensa suka sami zama 'yan ƙasa yana da makarantar gwamnati, da kwalejojin hukumar koyar da fasaha da sana'o'i da aka kafa a 1980, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz. Wasu ma ƙwallo ta ɗaga su, irin su Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan wasan Saudiyya a gasar duniya ta 2018. Wanda aka haifa a lungu ɗaya da shi amma ba shi da igama, wato takardar izinin zama, makarantarsa ita ce Sana'iyya, unguwar garejoji, inda zai shekara yana miƙa wa bakanike sifana, ko kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik. Tsarin Nitaƙat na 2011 da ke fifita ɗaukar 'yan ƙasa aiki, da dokar 2016 da ta keɓe musu sayar da waya da gyaranta, sun ƙara ƙuntata wannan hanya, har ga wanda hannunsa ya riga ya iya aikin.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni irin su Sabil, Gulail, Karantina da Petromin, inda rumfar kawu da gidan yaro suke kusa da juna. Iyalai sun watsu zuwa gefen gari da wasu birane. Wasu masu siriye sun kama shaguna masu lasisi da takardar shaidar lafiya, wasu kuma daga gida suke gashi suna karɓar oda ta WhatsApp, yaron da a da zai fara da hura wuta yanzu shi ke riƙe da wayar.