Ikko ko Legas: Waye Ke Raɗa wa Gari Suna?

Kafin Legas ta zama birnin da ba a barci, tsibiri ce ta masunta da manoma 'yan ƙabilar Awori, wani reshe na Yarbawa. A ƙarni na 16 masarautar Benin ta kafa sansanin yaƙi a wurin, sunan Eko ya kama bakin mutane. Shi ne Bahaushe ya lanƙwasa ya ce Ikko.

Sunan Legas kuwa ta teku ya shigo. Turawan Fotugal da suka fara zirga-zirga a gaɓar tun wajen 1472 su suka kira wurin da sunan tafkunan da suka kewaye shi. Tafkunan nan su ne arzikin garin: jiragen ruwa na samun mafaka, kwalekwale kuma na kutsawa cikin ƙasa. Cinikin bayi ya cika aljihun sarakuna, daga baya manja ya maye gurbinsa.

A 1851 Turawan Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka tsige Oba Kosoko, suka naɗa Akitoye. A 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu garin ya koma ƙarƙashin Ingila, Legas ta zauna daram a takardun gwamnati. Ita ce hedikwatar Najeriya daga 1914 har 1991, lokacin da aka koma Abuja.

Da Hausawa aka yi wannan girma. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa rundunar tsaro ta Hausawa a garin. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fataken goro da na shanu suka cika Agege. Har gobe tirelolin shanu na tashi daga kasuwar Mubi su nufi can.

Duk da hatimin hukuma, Eko bai mutu ba. Bayarabe na faɗinsa, dattawanmu na cewa Ikko, Legas kuma ta samu karɓuwa saboda an daɗe ana ci da sha da ita. Mutanen Lokuwa da sauran unguwannin Mubi sun san kishiyar haka. A 2014 Boko Haram ta ƙwace garin Mubi ta laƙaba masa Madinatul Islam, amma sunan bai yi wata guda ba ya bi masu shi. Mai bindiga na iya canja allon bakin gari, amma sai mazauna sun kira suna a kasuwa da gida kafin ya zauna.