Cefanen ɗalibi: yadda kuɗin wata zai kai ka ƙarshen wata

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau, ya ja farashin abinci suka tafi tare. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Ɗalibin da ke karɓar kuɗin ɗawainiya daga NELFUND, wato asusun da ke ba ɗalibai bashin karatu, naira 20,000 ake ba shi a wata. In ka raba su kwana 30, ba su kai naira 700 a rana ba. Ko daga gida ake turo maka, matsalar ɗaya ce: kuɗi sau ɗaya suke shigowa, ciki kuwa kullum sai ya nema.

Ina kuɗin suke zurarewa?

A sayen ɗai-ɗai. Ƙullin sukari yau, ƙullin mai gobe, madarar leda, indomi da ƙwai a wajen mai shayi bayan an tashi daga karatun dare. Kowanne ba ya kama da kuɗi, shi ya sa ba ka jin zafinsa. Amma mai shagon bakin hostel sarowa ya yi a kasuwa, ya biya mota, ya ƙulla a leda, ya ɗora ribarsa. Duk kai kake biya. Ka gwada rubuta abin da ka kashe na mako ɗaya tak, har da cajin mai POS. Yawanci a nan ɗalibi ke gano inda ɓarakar take.

Me zan saya da yawa, me zan saya kaɗan?

Ka raba cefane gida biyu. Busasshen kaya, irin shinkafa, wake, garin kwaki, taliya, garin masara, gishiri, kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa, ka saye su da awo ranar da kuɗi suka shigo, kafin su fara tafiya a kati da data. Mai ma ka sayi kwalba, ba ƙulli ba. Ɗanyen kaya kuwa, tumatir, attaruhu, alayyafo, na kwana biyu ko uku ya isa, tun da ba firji gare ka ba, in ma akwai, wuta ba ta da tabbas.

Kada ka raina wake. Nama ya yi tsada, amma wake, awara, ƙuli-ƙuli da busasshen kifi suna ba jiki furotin, wato sinadarin da ke gina tsoka. Garau-garau da mai da yaji da ɗan yankan albasa ya fi indomi riƙe ciki nesa ba kusa ba. In kana tsoron ya cinye maka gas, jiƙa waken tun dare, zai nuna da wuri.

Ai ba ni da kuɗin sari?

Kai kaɗai ba ka da shi. Ku huɗu ko biyar a ɗaki kuna da shi. Ku yi karo-karo ku sayi katon ɗin taliya ko jarkar mai, ku raba a gaban kowa tun a ranar. Raba kaya ya fi haɗa tukunya zaman lafiya, don tukunyar haɗaka takan mutu ne a kan wanda ya fi ci da wanda ba ya wanke-wanke. Mutum ɗaya ya je kasuwa a madadin kowa, kuɗin mota ma ya ragu.

Wace kasuwa, kuma yaushe?

Kowane kaya da gidansa. A Kano, hatsi na Dawanau ne, kayan gwari na Yankaba, kayan masarufi irin taliya, sukari da sabulu na Singa. Ɗalibin jami'ar ABU ta Zariya yana da kasuwar Samaru a kusa, da ta Sabon Gari in sayayyar ta yi yawa. Sai dai ka lissafa kuɗin Adaidaita zuwa da dawowa: in kwano biyu kawai za ka auna, kasuwar kusa ta fi maka.

Lokaci ma farashi ne. Hatsi da wake sun fi sauƙi da kaka, suna tashi in damina ta yi nisa. Tumatir yana araha da sanyi, lokacin da na noman rani ke fitowa daga wurare irin Kadawa, ya yi wuta da damina. In ya yi araha ka yanka ka shanya, ko ka sayi kauɗa ka ajiye.

Yaya zan yi ciniki ba a cuce ni ba?

Ka tambayi farashi a wuri biyu ko uku kafin ka taya. Ka duba ma'aunin da kyau, domin mudu, tiya da kwano ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, wani kwanon ma an bubbuge gindinsa. Ka ɗebi waken a tafin hannu: in ka ga huji ko gari-gari, ƙwaro ya riga ka. In an ce maka "albarka", ƙara kaɗan ko ka matsa gaba, ba faɗa ba ne. In an sallama, ka ce "Baba, a yi mini gyara," ba abin kunya ba ne. Kayan gwangwani da na leda kuwa, ka duba lambar NAFDAC da ranar da za su lalace, musamman waɗanda aka karya wa farashi.

In na saya da yawa, ba zai lalace ba?

Zai lalace in ka bar shi a leda a ƙarƙashin gado, inda ɓera da kyankyaso ke yawo. Ka shanya wake a rana, ka zuba a busasshiyar jarka ko roba mai murfi, ka cika ta, ka toshe bakin sosai. Rashin iska yana kashe ƙwaron. Albasa iska take so, kada ka ƙulle ta a leda. Miya kuma ka soya ta da mai sosai, ka riƙa tafasa ta safe da yamma, kada ka bari ta wuce kwana biyu a lokacin zafi.