Yaronka Gwanin Ƙwallo Ne? Duba Aji Kafin Ka Duba Fili

Duk wanda ya ratsa ta Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, da la'asar sakaliya, zai ga yaranmu sun kafa duwatsu sun mai da su raga, suna ta tamaula har magariba. A cikinsu kuwa akwai gwanaye na sosai. Irin wannan yaro ne, ran da ya gama sakandare, ya kan durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ni fa ƙwallo zan bi." Uban kuma ya ce masa taura biyu ba ta taunuwa, ko karatu ko wasa.

To, ai kuwa an taɓa tauna ta a ƙasar nan. Ran 22 ga Maris, 1980, Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a filin wasa na Surulere, ta ɗauki kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami, wanda ya tashi a Jos, shi ya jefa biyu daga ciki, alhali kuwa aikin injiniya ya karanta a Kwalejin Fasaha ta Badun. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka lauya ne daga Jami'ar Ikko, daga baya har ya riƙe muƙamin Kwamishinan Shari'a na Jihar Ribas. Ashe haɗa biyun mai yiwuwa ne, in an dace da makaranta.

Inda aka fi shirya wa wannan al'amari shi ne Amurka, domin can jami'o'i su kan ɗauki yaro saboda ƙafarsa, su biya masa kuɗin karatu. Tun cikin shekarun 1970 Jami'ar Clemson ta riƙa ɗibar samari daga Nijeriya. Ɗaya daga cikinsu shi ne Taiwo Ogunjobi, wanda ya dawo gida ya zama babban sakataren Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya. Amma fa ba kowace gayyata ce alheri ba. Akwai tambayoyi huɗu da ya kamata uba ya yi, ko makarantar tana Amurka ko tana nan gida.

Ta farko, me yaron zai karanta? A nemi sunan kwas ɗin, a kuma tabbata hukuma ta yarda da digirin makarantar. Mai horad da 'yan wasa ya kan so yaro ya ɗauki kwas mai sauƙi don ya sami lokacin fili. Shi nasara ya ke nema a kakar bana, kai kuwa abincin shekara arba'in ka ke nemar wa ɗanka.

Ta biyu, nawa za su biya? Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, watau NCAA, ta kasa makarantu aji uku. Na aji na uku ba su ba da sukolashif saboda wasa ko kaɗan. A aji na ɗaya ma, har zuwa 2025, abin da aka yarda a kashe wa ƙungiyar maza bai wuce kuɗin ɗalibai 9.9 ba, watau bai cika na mutum goma ba, sa'an nan a raba shi ga 'yan wasa fiye da ashirin. An sassauta ƙa'idar a shekarar ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari, amma ba a tilasta wa kowa ƙarin kuɗi ba. Saboda haka a rubuta maka a takarda: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, asibiti, da yawan shekarun da za a biya.

Ta uku, ina lokacin karatu? Kakar wasan jami'o'i a can daga Agusta ta ke zuwa Disamba, daidai da zangon farko na karatu. Doka ta ƙayyade horo da wasa kada su wuce awa 20 a mako, amma ba a lissafa tafiye-tafiye a ciki. Yaron da zai karanta kimiyya, mai bukatar zama a ɗakin gwaje-gwaje da rana, dole ya san yadda za a yi in darasi ya ci karo da wasa.

Ta huɗu ita ce uwa-uba. In gwiwa ta goce, ko aka sauya mai horaswa ya ajiye yaron a benci, sukolashif ɗin zai ci gaba? Shi yaron kuma zai so ya zauna a makarantar ya ƙarasa? In amsar a'a ce, to, ba makaranta ya zaɓa ba, fili ya zaɓa.

Kada kuma a rena na gida. Jami'o'inmu suna da gasarsu ta NUGA tun 1966, yaro kuwa yana iya karatu a Zariya ko Kano ko Ikko yana buga wa wani kulob na gari, kamar yadda su Odegbami suka yi. Sai dai ko nan ko can, takardar WAEC ko NECO ita ce mabuɗi. Jami'o'inmu kiredit biyar su ke nema, har da Turanci, sa'an nan ga jarrabawar JAMB. Ba a fafe gora ranar tafiya, shiri tun daga ajin farko na babbar sakandare ya ke farawa.

Saura 'yan kamasho masu yawo unguwanninmu da alkawarin kai yaro Turai in an ba su kuɗin biza. Ku sani dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa kulob na wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan. Jami'ar Amurka kuma da kanta ta ke aiko wa ɗalibi takardar I-20 da za a nemi biza da ita. Wanda ya ce a rage wa yaro shekaru ko a sauya masa suna, ku sallame shi tun daga zaure.

Ɗan ƙwallo, kome gwanintarsa, da wuya ya wuce shekara 35 yana fili. Abin da ya koya a aji shi zai ci har tsufa. Ku zauna da yaranku, ku yi tambayoyin nan huɗu tare, kafin kowa ya sa hannu a takarda.