Makunnin Ƙafa: Ƙaramin Aikin da Mai Jita Zai Iya Yi da Kansa

Mai kaɗa jita ba shi da hannun banza. Ɗaya na danne da tsirkiya, ɗaya na kaɗawa, ga waƙa tana tafiya ba ta jiran kowa. To idan aka zo gaɓar da yake so sautin ya tashi daga garau ya koma mai gurnani, ko yana so amon ya riƙa maimaita kansa, wa zai je ya murɗa masa amfilifaya? Amsar da tela ya samu tuntuni a kan keken ɗinki ita makaɗa suka samu: a ba ƙafa aikin. Ɗan akwati ne a ƙasa, da maɓalli a kansa, da waya da ta tafi bayan amfilifaya. Ka taka, sauti ya sauya.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1963 kamfanin Fender na Amurka ya fara sayar da Twin Reverb tare da makunnin ƙafa mai maɓalli biyu, ɗaya na amsa-amo, ɗaya na karkarwar sauti. A 1978 Mesa/Boogie ya fito da Mark II, wadda ake sauya mata murya gaba ɗaya da taku guda. Matsalarmu a nan ita ce yawancin amfilifayoyin da ke iso mana na hannu ne, kuma makunnin kan ɓace tun kafin su baro inda suka fito. Matashin da ke Achilafiya ko Roni ko Gwiwa, in ya tashi neman na asali, sai ya dangana da Kano, kuma ba lallai ya dace ba. In ma ya dace, farashin kan sa ya juyo.

Alhali in ka buɗe cikin yawancinsu, dariya za ta kama ka. Wayoyi biyu ne kawai da makunni a tsakaninsu. Ka taka su haɗu, ka sake takawa su rabu. Duk dabarar tana cikin amfilifaya. Akwatin ƙasa saƙo kawai yake aikawa. Mai gyaran rediyo a kasuwar Kazaure ko Babura yana yin aikin da ya fi wannan wuya kullum safiya.

Kuma haɗa kayan kiɗa da hannu ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ake cika fili don jinsa a Turai da Amurka, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Wanda ya ga an yi jita sukutum da tarkacen bola, makunni ba zai ba shi tsoro ba.

Sai dai kafin ka sayi ko da ƙusa, ka fara sanin irin makunnin da na'urarka take so, don a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Makunnan iri biyu ne. Akwai wanda in ka taka zai yi ƙas ya zauna a haɗe har sai ka sake takawa. Akwai kuma wanda ba ya haɗuwa sai ƙafarka na kansa, kana ɗagawa ya rabu. Gwajin ba ya cin minti biyu. Duba bayan amfilifaya, ka nemi ramin da aka rubuta Footswitch a jikinsa. Soka wayar jita ta yau da kullum, mai filogin milimita 6.35, sannan ka ɗauki guntun waya ka haɗa kan filogin da ke hannunka da gindinsa. In sauti ya sauya, amma kana cirewa ya koma yadda yake, na'urarka mai zama a haɗe take so. In ya sauya ya tsaya a haka bayan ka cire, to mai taɓawa-ka-saki ne nata.

A nan fa a buɗe ido. Ramin lasifika da ramin makunni kamarsu ɗaya, kuma sau da yawa suna maƙwabtaka. Wanda ya yi wannan gwaji a ramin lasifika zai iya ƙone amfilifayarsa nan take. A karanta rubutun da kyau, in ba a gani a haska da fitilar waya.

Kayan aikin ba su da yawa: makunnin taku na ƙarfe, filogi, waya mai tsawon mita huɗu ko biyar, dalma da ƙarfen narka ta, sai akwati. Filogi mai zane ɗaya a jikinsa na maɓalli guda ne. Mai zane biyu yana da kai da zobe da gindi, shi ake yi wa maɓalli biyu: wayar kai ta tafi makunni na farko, ta zobe ta tafi na biyu, ta gindi kuma su yi tarayya a kanta. Shi ke nan zanen.

Akwatin ne na fi so a tsaya a kai. Na sha ganin an yi shi da gwangwanin kifi ko robar sabulu, kuma ranar farko sai ka ga abin sha'awa. Amma mutum in kiɗa ya ɗebe shi ba a hankali yake takawa ba, da nauyinsa duka yake sauka. Gwangwani zai lotsa, makunnin ya nutse, ƙafafunsa su taɓa ƙarfe, sauti ya riƙa sauyawa shi kaɗai a tsakiyar biki. Gara ka kai wa mai walda guntun falange mai kauri ya lanƙwasa maka, ya huda rami kamar milimita 12 a sama, da wani ƙarami a gefe na waya. A yanko robar tsohuwar taya a manna a ƙasa don kada ya riƙa zamewa a kan siminti. Inda waya ta shiga a ƙulle ta daga ciki, ta yadda in yaro ya yi tuntuɓe da ita ƙullin zai sha jan, ba liƙin dalma ba.

Wajen liƙi, a ɗumama ƙafar makunni da wayar tare, sannan a kawo dalma ta narke a kansu. Liƙi mai kyau yana sheƙi, sumul. Wanda ya yi dusu-dusu ya dunƙule, yau ko gobe zai saki. Kada kuma a daɗe da zafin a kan makunnin, robar cikinsa na narkewa.

Wayar fa? A sababbin na'urori kowace mai jijiya biyu za ta yi, ko uku in maɓalli biyu ne, don sauti ba ya bi ta cikinta. A tsofaffin Fender kuwa sautin amsa-amon kansa ne ke bi ta wayar, shi ya sa sai mai saƙar ƙarfe a kewaye, in ba haka ba gunji zai dame ka. Wasu na zamani kuma, irin masu maɓalli huɗu ko shida a kan waya guda, akwai wasu ƙananan kayan lantarki a cikinsu masu ma'auni na musamman. Waɗannan sai da zanen kamfani a hannu.

Duk aikin nan a waje ake yinsa, ba ya buƙatar a kwance ko da noti ɗaya na amfilifaya, kuma kada a kwance. Amfilifayoyi masu aiki da kwalba suna iya riƙe wutar da ta haura bolt 400 a cikinsu ko bayan an zare su daga soket. Haka nan wannan makunni ba na wutar gida ko ta janareta ba ne.

Ba mai jita kaɗai zai amfana ba. Da yawa daga cikin na'urorin haɗa sauti da ake haya don biki ko wa'azi suna da irin wannan rami na kashe eko, sai mai magana ya kashe shi da ƙafa lokacin sanarwa, ya dawo da shi lokacin waƙa. Wanda zai riƙa yawo da makunnin fili-fili ya toshe gefunan akwatin da gam, domin ƙurar hunturu in ta shiga cikin makunni sai an taka sau biyu ko uku kafin ya amsa.