Kat-kat ta fatauci: a tambayi mai ita kafin a je wurin dillali

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin iyaka, daga Birnin Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Matamaye da Mai'aduwa, ya san kwalta ba ta kai mutum inda kaya ke araha. Wake da aya da albasa suna can cikin ƙauyuka, bayan rairayi da fadamu da gulbin da kan cika cikin dare guda a watan Agusta. Shi ya sa da zarar Allah ya buɗa wa mutum, sai hankalinsa ya koma ga mota mai jan ƙafa huɗu, wadda muke kira kat-kat. To amma wace iri ya kamata ya saya?

Ni dai a hanya na koyi darasin. Wani lokacin ɗari na bi wani Alhaji mai sayen tumatir zuwa wata kasuwar ƙauye domin ɗauko rahoto. Motarsa gwanin kyau, ga na'urar sanyi, ga kujeru masu laushi. A hanyar dawowa muka sha mai wurin masu sayarwa a kwalba, ba mu yi nisa ba wata fitila ta kama a gaban direba, inji ya mutu. Bakanike uku suka duba, kowane ya ce sai an jona mata kwamfuta, mai kwamfutar kuwa yana birni. Kwana biyu muka yi a gindin gawo. Ko da mota ta tashi, rabin kwandunan sun zama ruwa.

Tun daga ranar nake tambayar masu irin waɗannan motoci, a tasha da kuma cikin shirinmu na rediyo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakinsu ya zo ɗaya a kan magana guda: motar kirki ita ce wadda bakaniken garinku ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna kasuwa mafi kusa da kai.

A wannan ma'auni Toyota Land Cruiser samfurin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, ita ce a gaba, musamman mai buɗaɗɗen baya, lamba 79. Abin da masu ita ke yabo shi ne injinta mai suna 1HZ, mai silinda shida da lita 4.2, wanda ya fito a 1990. Yana shan gazuwal, wato man gas, ba shi da tabo, kuma famfonsa na mai ba ya jiran umarnin kwamfuta. Ba ta da gudu, ga shan mai, ga tsada ko da ta tsufa, amma tana jure kaya da zafi, shi ya sa direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku suka riƙe ta. Aibinta shi ne jijjiga. Ƙafafunta na baya a kan jerin ƙarafan sifirin suke, in ba ta da kaya sai ta riƙa tsalle da mutum har ƙugunsa ya gaya masa.

Wanda yake son jin daɗin zama tare da ƙarfi, masu motoci kan nuna masa Land Cruiser 80 ta shekarun 1990 zuwa 1997, wadda ƙafafunta huɗu duk a kan murɗaɗɗen sifirin suke, ko kuma 105 da ta biyo bayanta a 1998 da wannan inji na 1HZ. Nissan Patrol mai injin TD42, shi ma lita 4.2, tana cikin wannan sahu. Sai dai galibinsu rufaffu ne, sun fi dacewa da mai ɗaukar iyali da 'yan kaya marasa nauyi, irin su atamfa da turare. Kuma shekarunsu sun ja, samun wadda ba a gaji da ita ba sai an tona.

Tsaka-tsaki ita ce Toyota Hilux mai ƙofa huɗu: mutum biyar a ciki, buhuna a baya, ga sauƙin mai, ga kayan gyara kusan ko'ina. Amma a lura, Hilux iri-iri ce. Masu injin da aka rubuta wa D-4D, kwamfuta ce ke sarrafa mansu, kuma ba sa yafe gazuwal mai ruwa ko ƙura. Mai irin wannan ya sha mai a gidan mai, ya riƙa canza matatar mai a kan kari. Yawancin waɗanda ke shigowa daga Nijeriya kuwa fetur suke sha, injin lita 2.7, saboda an daɗe fetur na da araha a can. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wancan lissafi ya canza, saboda haka mai saye ya sake ƙidaya da farashin yau. Mitsubishi L200 da Pajero suna da daɗin tuƙi, sau da yawa kuma sun fi sauƙin kuɗi, sai dai an daina ƙera Pajero a 2021, kuma masu su kan ce wani ƙarfen sai an aika birni.

In an tashi saye, a tafi da bakaniken da zai riƙa gyaran motar, kada a dogara da na dillali. A je da sassafe a tada inji yana sanyi, a ga irin hayaƙin da yake fitarwa. A shiga ƙarƙashi a duba shasi, ko akwai walda ko tsatsa, musamman motocin da suka fito daga Turai inda ake zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara. A kai ta cikin rairayi a sa giyar ƙafa huɗu, domin akwai kat-kat da yawa da suna kawai ya rage musu. A ɗora mata buhuna a ga yadda take zama. Sannan a gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardun duwan da katin mota, harafi bayan harafi. Mai tsallaka iyaka kowane mako ba ya wasa da takarda.

Akwai kuma maganar tsaro. Motoci masu buɗaɗɗen baya, sababbi fil, suna jan idon 'yan bindiga a wasu hanyoyin daji. Tsofaffin direbobi kan ba da shawarar a guji tafiyar dare, a kuma tambayi labarin hanya a tasha kafin a kama ta.

Daga ƙarshe, kada mutum ya zuba jarinsa kaf a cikin mota. Ya ware kuɗin taya da batir da gyaran farko, domin babu tsohuwar motar da ba ta zuwa da nata ciwon. Araha ba ta ado, haka kuma kyan fenti ba ya fitar da mota daga laka. Kafin ka miƙa kuɗinka, Alhaji, nemi mutum uku da suka yi damina uku da irin motar da kake so, ka zauna ka saurare su. Allah ya ba da sa'a, ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu gida lafiya.